Tashi ba inji: abin da ya kamata ku sani game da koyon tuƙin gilaida

Duk wanda ya tashi a Anka, Bukkuyum ko Gummi ya san shirwa. Da hantsi ya ɗaga, ƙasa ta fara ɗaukar zafi, za a gan ta a saman mayanka ko bakin kasuwa ta baje fuka-fukai tana kewaya, tana ƙara yin sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Haka ungulu take yi, haka shamuwa in ta iso gabanin damina. Wannan dabara ta tsuntsaye mutane ma sun koye ta, har sun ƙera jirgi musamman dominta: jirgin sama maras inji, wanda ake kira gilaida. A Jamus da Ingila da Faransa da Amurka da Afirka ta Kudu, matasa suna koyon tuƙa shi a kulob-kulob na 'yan sa-kai, wasu tun shekarunsu ba su kai na tuƙin mota ba. A waɗannan ƙasashe yana cikin hanyoyi mafi araha da ɗan talaka ke bi ya zama matuƙin jirgi.

Wane irin jirgi ne?

Siriri ne, ba nauyi, ga dogayen fuka-fukai. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi koyar da ɗalibai da su shi ne ASK 21, ƙirar Jamus. Kujera biyu gare shi, ɗalibi a gaba, malami a baya, kowa da sandar tuƙinsa. Daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan mita 17 ne, amma in ba kowa a ciki nauyinsa kimanin kilo 360 ne kawai. Tayoyinsa a layi ɗaya suke a ƙarƙashin ciki, shi ya sa in yana ajiye sai fiffike ɗaya ya kwanta a ƙasa.

Abin da ke tafiyar da shi nauyinsa ne. Kamar mai keke ne da ya saki feda a gangare: muddin akwai gangara, yana tafiya. Gilaida kullum cikin gangarowa yake a hankali, hanci ɗan ƙasa, iska na bi ta saman fiffike da ƙasansa tana tallafe shi. Ingancin jirgi kuwa ana auna shi ne da nisan da zai ci kafin ya sauko. ASK 21 yana cin kimanin mita 34 gaba a kan kowace mita ɗaya da ya sauko. Ke nan in yana saman Bukkuyum da tsawon kilomita ɗaya, iska kuma a kwance, zai kusa isa Gummi kafin ya taɓa ƙasa. Na gasa na zamani suna cin mita 50 zuwa 60.

A cikinsa ba tarkace da yawa. Akwai sanda a hannun dama mai ɗaga hanci ko sauke shi da karkata fuka-fukai, feda biyu na ƙafa masu juya jela, da wani hannu a hagu mai buɗe birkin iska a saman fuka-fukai. Agogunan da ke gaban matuƙi, ɗaya na gudu ne, ɗaya na tsawo, ɗaya kuma yana ƙara da kukan da ke sanar da shi ko sama ake yi ko ƙasa. Sai wani ɗan zaren ulu da ake mannawa a wajen murfin gilashi, daidai gaban idon matuƙi. In zaren ya miƙe tsaye, jirgi na ratsa iska daidai. In ya karkace, hannu da ƙafa ba su daidaita ba. Ɗalibi yakan shafe makonni yana fama da wannan zare.

Yaya yake barin ƙasa?

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko ita ce injin jan waya. Ana girke inji mai ƙarfi a ƙarshen fili, a warware waya mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, a maƙala ta a ƙugiyar da ke ƙarƙashin jirgin. Mutum ɗaya ya ɗaga fiffiken da ke ƙasa ya daidaita shi, ya duba sama da baya ya tabbatar ba kowa. Sai a ba mai inji alama ya fara naɗewa a hankali har waya ta miƙe, sannan a ce ya ja da ƙarfi. Mai riƙe da fiffike ya yi 'yan taku da gudu ya saki. Cikin daƙiƙa kaɗan jirgi ya bar ƙasa, hanci ya ɗaga sosai har ɗalibi ba ya ganin komai a gabansa sai samaniya, bayansa manne da kujera. Kafin minti ɗaya an kai mita 300 zuwa 500. Matuƙi ya sauke hanci, ya ja ƙwallon sakin waya, wayar ta sauko da 'yar lemarta. Daga nan ba abin da ake ji sai shuuu ɗin iska.

Hanya ta biyu, ƙaramin jirgi mai inji ya ja gilaida da igiya, galibi zuwa kimanin mita 600, ya kai shi inda ake sa ran iska mai kyau sannan a saki. Ta fi tsada, amma ta fi ba da lokaci a sama. Akwai kuma na zamani masu ɗan inji a ɓoye, da ake fito da shi a tashi sannan a mayar.

Me ke riƙe shi a sama?

Nan ne ainihin sana'ar take. Rana ba ta gasa ƙasa bai ɗaya. Fako, dutse, busasshiyar gona da rufin kwano na gari sun fi fadama da gulbi saurin ɗaukar zafi. Iskar da ke kwance a kansu ta yi ɗumi, ta fi ta kewaye sauƙi, sai ta ɓalle ta yi sama a dunƙule. Tana hawa tana hucewa, kimanin digiri ɗaya a kowace mita 100. In akwai laima a cikinta, can sama sai ta zama farin gajimare mai shimfiɗaɗɗen gindi da tudun kai. Shi ya sa matuƙin gilaida ke bin irin wannan gajimare: alama ce cewa a ƙarƙashinsa akwai iska mai hawa.

Lissafin mai sauƙi ne. Jirgin yana saukowa ƙasa da mita ɗaya a daƙiƙa. In ya shiga iskar da ke hawa mita uku a daƙiƙa, to riba ce, yana yin sama da fiye da mita biyu. Sai dai faɗin wannan iska bai cika wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba, don haka dole matuƙi ya karkata fiffike ya yi ta kewaya a cikinta, daidai yadda shirwa ke yi. In ya kai ƙarshenta sai ya miƙe hanya, yana gangarowa yana neman ta gaba. A haka ake cin ɗaruruwan kilomitoci a yini. Matuƙa sukan sa ido a kan tsuntsaye, domin inda ungulu ke kewaya ba a rasa iska mai hawa.

Akwai wasu iskoki biyu. Ɗaya ita ce wadda ke bugun tsauni ta hau samansa, wadda manyan tsuntsaye ke ribata a wurare irin Dutsen Kwatarkwashi kusa da Gusau, da ya daɗe da yin suna da mikiya. Ɗayar kuma igiyar iska ce da ke samuwa a bayan manyan tsaunuka, wadda ke kai jirgi inda ba a zato. Da ita Bajamushe Klaus Ohlmann ya ci kilomita 3,008 a tashi ɗaya a tsaunukan Andes na Ajantina a 2003. A can ne kuma gilaida mai suna Perlan 2 ya haura mita 23,000 a 2018, kusan ninki biyu na tsawon da jiragen fasinja ke bi.

Daga ina abin ya faro?

Gilaida ya girmi jirgi mai inji. Bajamushe Otto Lilienthal ya yi nazarin tashin tsuntsaye, musamman dangin shamuwa, ya yi tashi fiye da 2,000 daga kan tudu da fuka-fukan da ya haɗa da kansa, har ya faɗo ya rasu a 1896. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright a Amurka da gilaida suka koyi sarrafa jirgi daga 1900 zuwa 1902, kafin su ɗora inji a 1903. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗaure wa Jamus hannu a harkar jirage masu inji, sai matasanta suka koma tsaunin Wasserkuppe, inda aka fara gasa a 1920. Har yau Jamus ce kan gaba a yawan matuƙan gilaida.

Afirka ta Yamma ma ta taɓa ɗanɗanawa. A 1962 Shugaba Kwame Nkrumah na Ghana ya kawo Hanna Reitsch, shahararriyar matuƙiyar Jamus da ta yi wa gwamnatin Hitler aikin gwajin jirage, ta jagoranci makarantar gilaida ta ƙasa a Afienya, kusa da Tema. Burin Nkrumah shi ne a horar da matasa ladabi da dogaro da kai, a kuma samu matuƙa 'yan ƙasa. Da aka hamɓarar da shi a Fabrairun 1966, Reitsch ta bar ƙasar, makarantar ta durƙushe. Abin lura a nan: makarantar ta jingina ne da mutum ɗaya mai mulki, yayin da kulob-kulob na Turai, da membobi ke riƙe da su da kuɗinsu da guminsu, wasu sun doshi shekara ɗari suna aiki.

Me ɗalibi yake koya?

Tun tashin farko malam yake damƙa masa sanda. Akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita: malam ya ce jirgi na hannunka, ɗalibi ya amsa da baki cewa ya karɓa, don kada a wayi gari kowa na zaton ɗan'uwansa ke tuƙi. Darasin farko shi ne duba waje. Sabon ɗalibi idonsa yakan maƙale a kan agogo, malam kuwa ba ya gajiya da cewa ya ɗaga kai, ya duba hagu da dama da sama kafin kowace kwana.

Daga nan sai riƙe gudu daidai ta hanyar kallon inda hanci yake a kan layin da sama ta haɗu da ƙasa, sai kwana da hannu da ƙafa tare. Sai darasin da ke sa cikin ɗalibi ɗurar ruwa: malam ya rage gudu da gangan har ƙasa da kimanin kilomita 65 a awa, iska ta daina ɗaukar fiffike, jirgi ya yi rawa, hanci ya rufta. Wani lokaci har a bar shi ya shiga katantanwa yana faɗowa. Ana yin haka a can sama inda akwai sarari, don jiki ya haddace alamun da maganinsu: a tura sanda gaba, a maido da gudu.

Sauka ita ce babbar jarrabawa, domin mai gilaida ba shi da damar cewa bari in sake zagayowa. Dole ya tsara zagayen filin tun yana da sauran tsawo, ya shigo yana fuskantar iska da gudun da ya kai kimanin kilomita 90 zuwa 100 a awa, ya yi amfani da birkin iska ya dire inda ya nufa. Kafin a bar shi shi kaɗai, malam zai riƙa sakin waya ba zato ana tsakiyar hawa, ya ga ko ɗalibi zai sauke hanci nan take ya zaɓi wurin sauka ba tare da ruɗewa ba.

Galibi akan yi tashi 50 zuwa 100 da waya kafin malam ya fita daga kujerar baya ya ce wa ɗalibi ya je shi kaɗai. A Jamus da Ingila da Amurka ɗan shekara 14 yana iya wannan tashi, lasisi kuwa sai ya cika 16. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda Najeriya ke cikinta, ta sa mafi ƙarancin sharaɗi na shekara 16, awa 6 a sama, tashi da sauka 20, da takardar likita. Turai ta tsaurara: awa 15 na horo, tashi 45, da tafiyar kilomita 50 shi kaɗai ko 100 tare da malam. Ga kuma jarrabawar takarda a kan dokokin sama, yanayi, karatun taswira da magana ta rediyo.

Bayan lasisi akwai lambobin ƙwarewa na ƙungiyar wasannin sama ta duniya, FAI. Lambar azurfa tana buƙatar awa 5 a sama a tashi ɗaya, ƙarin tsawo na mita 1,000, da tafiyar kilomita 50, kusan tazarar Anka zuwa Bukkuyum a miƙe.

Yaya zaman kulob yake?

Mutum ɗaya ba ya tayar da gilaida. Ana buƙatar mai inji, mai riƙe fiffike, mai ba da alama, mai rubuta lokaci, da mai jawo waya da mota. Ɗalibi yakan iso da sassafe ya taya fito da jirage daga rumfa, a duba su gaɓa-gaɓa, ya yini yana tura jirgin wasu, tashinsa shi kuwa wataƙila uku ne na minti biyar-biyar. Da yamma a wanke fuka-fukai a mayar. A yawancin kulob na Jamus da Ingila malamai ba a biyansu. Abin da memba ke biya shi ne kuɗin shekara, kuɗin kowane tashi, da na mintocin da ya yi a sama. Rashin mai da rashin albashi su ne sirrin arahar. Likita da makaniki da ɗan sakandare duk layi ɗaya suke bi, wanda ya ƙi aiki kuma ba ya daɗewa.

Akwai haɗari?

Akwai, kuma malamai ba sa ɓoyewa. Yawancin munanan haɗurra suna faruwa ne kusa da ƙasa, wajen tashi ko sauka, in gudu ya yi ƙasa a inda ba sararin gyara. Akwai kuma karo tsakanin jirage masu kewaya a iska ɗaya, shi ya sa ake goya lemar tsira, ake kuma sa na'urar gargaɗi mai suna FLARM. In iska mai hawa ta ƙare nesa da gida, matuƙi yakan zaɓi gona shimfiɗaɗɗiya ya sauka, abokansa su zo da tirela a kwance fuka-fukai a ɗauko jirgin. Wannan ba haɗari ba ne, cikin horo yake.

Horon yana amfani har a manyan jirage. A 1983 mai ya ƙare wa jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 a sama, matuƙinsa Bob Pearson, wanda gwanin gilaida ne, ya saukar da shi a tsohon filin soja na Gimli ba a rasa rai ba. Chesley Sullenberger, da ya saukar da jirgi a kogin Hudson na New York a Janairun 2009 bayan tsuntsaye sun kashe injinansa biyu, mutum 155 suka tsira, shi ma ya yi tuƙin gilaida.

Samaniyar yammacin Zamfara ta dace?

Ta fuskar yanayi, abin da ake nema yana nan: rana mai ƙarfi, busasshiyar ƙasa, da shimfiɗaɗɗen fili. Irin wannan ne ke sa Turawa tururuwa zuwa Bitterwasser a Namibiya da Gariep a Afirka ta Kudu tsakanin Nuwamba da Janairu, inda tafiyar kilomita 1,000 a yini ba baƙon abu ba ne. A yammacin Zamfara kuwa, bazara ce ke da iska mai hawa mafi ƙarfi. 'Yar guguwar nan da ke tashi da rana tsaka tana kwasar yayi da leda shaida ce ta wannan iska. A sama taimako ce, amma a ƙasa tana iya kifar da jirgin da aka ajiye ba a ɗaure ba. Zafin cikin murfin gilashi kuma yana buƙatar shan ruwa sosai. Hunturu matsalarsa hazo, domin mai gilaida da ido yake tuƙi. Damina tana da gajimare masu kyau da safe, amma hadari yana haɗuwa da sauri, kuma gonaki cike suke da gero da dawa, ba wurin saukar gaggawa. Bayan girbi, kafin hazo ya yi kauri, gonaki sun buɗe.

Cikas ɗin a ƙasa yake. Wannan wasa yana buƙatar matuƙi ya iya sauka a kowace gona ya jira abokansa cikin kwanciyar hankali, abin da matsalar 'yan bindiga ta hana a dazukan yankin. A Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana shawagin jirage a Zamfara saboda tsaro da haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba. Ko ɗan jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi yana buƙatar izinin hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka kada sha'awa ta sa yaro ya harba wani abu sama ba izini.

To matashi mai sha'awa ina zai dosa?

Arewa ba baƙuwar jirgi ba ce. A Kano jirage suka fara sauka a Najeriya, a Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. A Zariya kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take, wadda aka kafa a 1964, inda Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, ta yi karatu har daga baya ta shugabance ta. Zariya da kwalejin tuƙin jirgi ta Ilorin da makarantar sojan sama ta Kaduna duk da jirage masu inji suke koyarwa. Mai nufin can ya dage da Lissafi da Fiziks da Turanci tun daga sakandare, ya kuma kula da lafiyar idonsa, domin likita ne mai tantancewa na farko.

Wanda karatu ko aiki ya kai shi Jamus, Ingila, Faransa ko Afirka ta Kudu, ya nemi kulob mafi kusa. Yawancinsu suna ba baƙo tashin gwaji tare da malam, wasu jami'o'i ma suna da kulob na ɗalibai mai rangwame. Mai kwamfuta yana iya fara sabawa da manhajar kwaikwayo irin Condor, wadda matuƙa da kansu ke atisaye da ita. In kuma wata rana aka so kafa kulob a Arewa, kayan da ake buƙata ba su kai na makarantar jirage masu inji ba: fili mai tsawon kilomita ɗaya da ɗoriya, injin jan waya, jirgi mai kujera biyu, ƙwararren malami, da amincewar NCAA. Abin da ya fi waɗannan wuyar samu shi ne zaman lafiya a karkara, da mutanen da za su riƙa fitowa kowane mako suna tura jirgin juna.